Yadda Katantanwar Tafki Ta Kwantar da Ɗan Farina

Na fara da sunan Allah, wanda Ya saukar da cuta Ya saukar da maganinta, Ya kuma ba bawa baki don ya yi magana a lokacin da magana take da amfani.

Ni ce Fanna. Ban yi lakwal ba, wato boko, ban iya riƙon alƙalami ba. Jikata ce ke rubuta abin da nake faɗi, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini zance. Labarin jinyar ɗana na fari ne, sunansa Bukar. Na faɗi sunan tun a nan don in huta, domin shekara ashirin da biyu da ya yi a duniya bakina bai taɓa kiransa ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa, uwar mijina, ni kuwa in zan ambace shi sai in ce Nakaka. Haka na tarar ana yi, haka na yi, kuma na iya ƙwarai.

Zamanin Faransa ne, 'yan shekaru kafin yaƙin Turawa na biyu. Muna zaune a wani kwari kusa da Gidigir, wuri mai dabino da goriba da tafkin da ba ya ƙafewa. Mijina ya rasu, kakar ma ta bi shi, garkar gidan ta dawo hannun Bukar. Alkama yake nomawa da albasa da barkono. Tun hantsi bai yi ba yana cikin ruwa har gwiwa, ko yana jan jigo, ko yana yankan ciyawar bakin tafki. In ya fito ƙafafunsa su yi ta ƙaiƙayi, mu ce kanwa ce.

Fitsarin jini kuwa tun yana ɗan shekara goma yake yi. Kada ku yi mamaki. A kwarinmu duk namiji yana yi, wanda bai fara ba ma shi ake yi wa dariya, a ce har yanzu bai zama mutum ba. Tsargiya ake ce mata. Wasu su ce zafin rana ne, wasu su ce shan takanɗa ne. Ranar da kakarsa ta gani, guɗa ta yi, ta dama masa fura da nono mai kauri.

Mu da kasuwar Gidigir muke ƙidaya kwanaki, don haka da ita zan ƙidaya muku.

Kasuwa ta farko, cikin tsakiyar bazara, na je bayan danga zubar da toka, na ga inda ya tsuguna. Ba ɗigon da muka saba gani ba ne. Gudaji ne baƙaƙe a kan rairayi, kamar an yanka kaza. Na tsaya na duba, na tura ƙasa da ƙafa na rufe, na koma na ci gaba da saƙar tabarmata. Me zan ce masa? Uwa ta tambayi ɗan fari, ƙato mai gemu, labarin fitsarinsa? Ko ɗan auta ne sai an daure.

Kasuwa ta biyu na sayo kanwa ungurnu da sassaƙe daga wajen wata mai magani, na jiƙa, na riƙa zuba masa a fura ban ce komai ba. Yana sha, yana jin ɗacin, shi ma bai ce komai ba. Haka muka yi ta jinyar kurame. Ina ganin yadda yake dafa ƙugu in zai miƙe, ina ganin yana daɗewa a bayan danga har ya fito yana gumi, leɓɓansa sun yi fari. In ya shigo gida sai in juya baya in kama wani aiki, kunnena kuwa yana kan takunsa.

Kasuwa ta huɗu ya faɗi a bakin jigo. Masu garkar maƙwabta suka ɗauko shi. Sai a nan ƙanin mijina, Malam Lawan, ya san abin da ake ciki, gidan kuma ya cika da masu shawara. Kowa likita ne in ciwon ba a jikinsa yake ba. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a baya, ya ƙara zubar da ɗan jinin da ya rage masa. An yi rubutu ya sha. Wata tsohuwa ta rantse ya tsallake wani abu da aka binne a hanya, wata ta ce ƙarya ne, sanyi ne, a gasa masa mara da dutse mai zafi. An gasa. Akuyata ja ta tafi a wannan hidima, ba ta dawo da komai ba.

Kasuwa ta shida fitsarin ya tsaya cak yini guda da rabi. Na ji ɗana, wanda ƙaya ke shiga ƙafarsa ya cire yana dariya, yana nishi kamar mai naƙuda. Da fitsarin ya samu ya fito, Malam Lawan ya zo ƙofar ɗakina ya ce, "Fanna, abin ya fi ƙarfinmu. An ce akwai ɗakin magani a barikin Gure. Ni shuka ta matso, ba zan iya barin gida ba. Ke za ki kai shi wajen Yaya Zara."

Na ce, "Ni, Malam?"

Ya ce, "To wa? Kakarsa ta tashi daga kabari?"

Kwana biyu muka yi a hanya, shi a kan takarkari, ni a ƙasa ina jan igiya. Tunda na haife shi ban taɓa zama da shi mu biyu kaɗai ba sai a wannan tafiya. In mun sauka inuwa, in ajiye masa ruwa in koma gindin wata bishiyar. Sau ɗaya ya ce, "Iya, ki hau ki huta, zan iya takawa." Na ce da takarkarin ya yi sauri.

Zara yayar mijina ce, gwaggon Bukar, tana aure a Gure. Mace ce mai alheri da baki, za ta ba ka tuwonta ta kwana da yunwa, amma sai ka ci shi da faɗa. Ita ce ta nema wa Bukar aure a garin, wata yarinya Gaptiya, 'yar wani manomi mai faɗa a ji a unguwarsu, an kuma sa biki bayan kaka. Da ta gan shi ta tafa hannu ta ce, "Wayyo ni Zara! Fanna, wannan ƙashin kika kawo mini? Ku shiga da shi ciki kafin surukai su gani."

Ɗakin maganin ginin ƙasa ne mai ɗaki biyu da rumfa. In kana son a gan ka kafin rana ta take, sai ka zo da sallar asuba a bakinka. Masu gyambo, masu ciwon ido, mata da 'ya'ya a baya, duk a zube cikin rairayi, ga wani gardi yana tsara mu da sanda kamar awaki. Kwana biyu muna zuwa ba mu kai ƙofa ba. A na uku muka shiga wajen babban ma'aikacin, wanda ake kira majo, wani dogon mutum baƙi daga yamma, Hausarsa tana da nauyi amma ana ganewa. Ya ba Bukar kwalba ya ce ya kawo fitsari. Ya ɗaga ta a rana ya duba, sannan ya juyo gare ni.

"Ke ce uwarsa?"

Na sunkuyar da kai.

"Tun yaushe yake haka?"

Ya sake cewa, "Iya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun yaushe?" Na ce kasuwa bakwai, ina kallon ƙasa. Ya girgiza kai ya ce shekara goma dai.

Mun yi sa'a, a makon nan lokotoro, wato likita Bature, ya zo rangadi daga Damagaram. Ya leƙa fitsarin a cikin wani ƙarfe mai madubi, ya faɗi sunan cutar, bilarziyos, sunan da har yau bai fita kaina ba. Daga nan ya fito rumfa da wata 'yar kwalba a hannu, ya sa majo ya fassara wa jama'a. A cikin kwalbar akwai katantanwa guda uku, ƙanana, ba su fi ƙwayar wake ba. Na san su sarai. Su ne ke manne a bayan ganyen bado a tafkinmu, da su yara ke wasa. Baturen ya ce katantanwar nan ita ce uwar cutar. Ba ta cizo, ba ta harbi irin na kunama, amma wani abu da ido ba ya gani yana fita daga cikinta ya bi ruwa, ya huda fatar mutum ya shiga jini, ya je mara ya yi gida. Ƙaiƙayin da muke ɗora wa kanwa, shigarsa ce.

Rumfa ta ɗauki dariya. Wani tsoho ya ce, "Nasara ya rasa abin tsoro sai katantanwa." Ni ma na rufe baki da gyale na yi tawa. Bukar ne kaɗai bai yi ba, yana ta kallon kwalbar.

Maganin allura ce, su suna cewa fikir, guda goma sha biyu, a jijiyar hannu, ana tsallake kwana ɗaya. Sunan ruwan emetik. Ba a karɓi ko tamma a hannunmu ba, wannan kam sai godiya. Bayan ta farko majo ya kira ni gefe, ni kaɗai, ya ce, "Iya, ki saurara da kyau. Maganin nan dafi ne, da shi ake kashe dafi. Yana taɓa zuciya. In an yi masa, ya kwanta. Repo! Hutu ke nan. Ba noma, ba gudu, ba ɗaukar kaya har mu gama. Zai ji sauƙi ya ce ya warke, kada ki yarda. A hannunki na sa shi."

Ga ƙorafina a kan mutumin nan, Allah Ya jiƙansa in ya mutu. Ya gaya wa Bukar ya huta, amma zancen zuciya ni kaɗai ya gaya wa, wai kada mara lafiya ya firgita ya gudu. Ya duba duk duniya ya ɗora amanar a kan mace ɗaya da ba ta iya buɗe baki ta yi wa yaron magana. A garinsu wataƙila uwa tana faɗa wa ɗanta abin da ta ga dama.

Makon farko na allura azaba ce. Kafin a zare ta tari ya sarƙe shi, sai amai, sai ciwon gaɓoɓi. Ya ce bakinsa kamar ya tsotsi tsohon ƙarfe. In riƙo shi mu dawo gidan Zara, mu huta sau uku a tafiyar da ba ta kai ta zuwa rijiya ba. A ɗaki nake dafa masa kunu, in wanke abin da ya ɓata, in yi masa fifita in ya yi barci. In Zara ta leƙo sai in ajiye maficin in ce ƙuda ne suka dame ni. Na sayar da tabarmi huɗu da ɗayar akuyata don nama da gero, domin ba a zauna wa mutum a gida wata guda hannu sake.

A mako na biyu allura ta huɗu ta kuskure jijiya, hannun ya kumbura ya yi ruwa, majo da kansa ya riƙa zuwa gida da la'asar yana wanke masa. Amma jinin ya ragu. Daga gudaji ya koma ja, daga ja ya koma kamar ruwan tsamiya. Bayan ta bakwai Bukar ya fito daga bayan gida yana murmushi, ya ce da Zara, da ƙarfi yadda zan ji, "Gwaggo, yau fari tas. Rabona da ganin haka tun ina kiwon awaki." Na shiga ɗaki na yi sujada.

Sauƙin nan shi ya jawo mana. Ruwa ya riga ya sauka, gero ya tsiro, aka shiga noman fari. Bukar ya fara cin tuwo, ya fara zama a ƙofar gida. Mutane suna wucewa da hauya suna ganin saurayi a kan tabarma. Magana ta fara yawo a unguwa, wai angon Gaptiya jego yake yi. Zara ta dawo daga rijiya tana huci ta ce, "Kin ji abin da ake cewa? Wai mun ɓoye musu, yaron ba shi da ƙugu. Uwar yarinyar ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba."

Na ce, "Yaya, majo ya ce a huta. Ya ce maganin yana taɓa zuciya."

Ta ce, "Majo zai ba shi mata? Mutanen da ke tsoron katantanwa! Jini ya tsaya, me ya rage?"

Sai ga aike daga gidan surukai: ranar Laraba akwai gayya a gonar uban Gaptiya. Kun san yadda take. Saurayin da aka ba 'ya, in surukinsa ya kira gayya, shi ne kan gaba, ko da rarrafe. Larabar kuwa ranar allura ta tara ce. Kwana uku ina da su. Na ce wa Zara ta gaya masa kada ya je, ta ce ba da bakinta ba. Na yi niyyar komawa wajen majo in roƙe shi ya hana, na ji nauyin a ce uwar ɗan fari tana zarya a bariki saboda ɗanta. Sau biyu ina shiga ɗaki da kunu da maganar a bakina, in ajiye ƙwaryar in fito da abata. Na yi ta gaya wa kaina ai yana da hankali, ai allurar za ta kayar da shi ya kasa tashi.

Ranar Laraba aka yi masa allurar da wuri. Ya yi tarinsa, ya yi amai sau ɗaya, muka dawo. Tsakar gidan cike da mata, Zara ta tara maƙwabta ana dama furar da za a kai gona, har da ƙanwar uwar Gaptiya a ciki. Daga bayan gari ana jin gangar noma. Na zauna a gefe na ɗauki saƙata.

Bai daɗe a ɗaki ba ya fito, ya ɗaure ƙugu da rawani, ga hauyar mijin Zara mai doguwar ƙota a kafaɗa. Mata suka ɗauki guɗa. Ya ratsa su, bai nufi ƙofa ba, ya zo ya tsaya a gabana. Ƙafafunsa kaɗai nake gani.

Ya ce, "Iya, ana kirana gona."

Ba sallama yake yi mini ba. Ɗana ne, na san tambaya ce. Ya san majo ya kira ni gefe, ya san akwai abin da aka gaya mini. Ido ya dawo kaina, ana jira a ga ko Fanna za ta zubar da girmanta ta riƙe ƙafar ɗan fari a gaban surukai. Kalma uku ce, kada ka je. Na ja zaren kaba na ce, "Allah Ya kiyaye."

Ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya juya. Ƙanwar uwar Gaptiya ta ce, "Kai, wannan gida akwai tarbiyya."

Abin da ya faru a gona ji na yi. An ce da ya iso makaɗi ya juya ganga kansa, yana kiran sunan ubansa da na kakansa. Samari suka jeru, aka kama tsere. Kuyya ta farko shi ya riga kowa fita, ta biyu ma haka, surukinsa yana ta dariya yana nuna shi. A tsakiyar ta uku ya tsaya, ya jingina da hauyar kamar mai sauraren wani abu, ya durƙusa. Da farko ma sun ɗauka ƙaya yake cirewa.

Rana ba ta kai tsaka ba aka shigo da shi a cikin tabarma, mutum huɗu. Da sauran numfashi. Furar da za a kai gona tana nan a ƙwarya ba a ɗauka ba. Aka kwantar da shi a ɗaki, wani ya ruga bariki. Na zauna a kansa na ɗora hannuna a ƙirjinsa, zuciyar tana bugawa tana tsallake, tana bugawa tana tsallake. Idonsa a buɗe, amma ban san ko ya gan ni ba. Kafin majo ya iso ta tsaya.

Majo ya shigo da jakarsa yana haki. Ya taɓa wuyansa, ya duba ƙasar gona a ƙafafunsa, ya dube ni. Ya ce, "Iya, ba na gaya miki ba? Uku suka rage. Uku!" Ya zauna a dokin ƙofa ya riƙe kansa. Da aka tashi kai shi, ya tuɓe farar rigarsa ta aiki ya bi sahu har maƙabarta, washegari kuma ya aiko da goro. Ban manta masa ba.

Zara ta yi ta birgima a tsakar gida tana cewa ita ta kashe shi. Gwaggo ce, an yarda ta yi kuka. Gaptiya ma an ce kwana uku ba ta ci abinci ba. Ni aka shimfiɗa mini tabarma a ɗaki, aka lulluɓe ni, mata suna shigowa gaisuwa. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane. Ban yi ba. Hawayen ma sun ƙi zuwa. Ina jin su a bakin ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa: "Kun ga mace? Ya zo gabanta zai fita, ko kai ba ta ɗaga ba. Ga shi an kawo gawarsa, ko ɗigon hawaye. Irin su Fanna sun ƙare."

Bayan sadakar bakwai na ja takarkarina na koma Gidigir ba kowa a kai. Garkar ta koma hannun Malam Lawan da 'ya'yansa, suka shiga ruwan nan har gwiwa, domin katantanwa ba ta hana ciki jin yunwa. Na gaya musu abin da lokotoro ya ce, suka ce baƙin ciki ya taɓa ni.

To ga abin da ya sa na sa a rubuta. Wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa, cuta ce, ba girma ba ne, ya kai shi likita tun yana ɗigo. Wanda aka ce ya kwanta, ya kwanta, ko gangar wa ake bugawa. Wannan kowa zai iya faɗa muku. Nawa da ban ne. Shekaru masu yawa bayan haka, daga Gure har kwarinmu, in za a kai amarya ɗaki sai tsofaffi su zaunar da ita su ba ta labarina, su ce ta yi koyi da kunyar Fanna. Da kunnena na sha ji, ina zaune a wurin, ana nuna ni, ina sunkuyar da kai kamar na ji daɗi. Na gaji. Ina roƙon Allah Ya jiƙan Bukar, Ya yafe mini in abin yafewa ne. Duk yarinyar da aka ce ta yi koyi da Fanna, ta tambaye su ina ɗan Fanna yake.